Bugun Ƙarshe a Gungun Ƙirya

Bana ma ruwa ya cika. Tun makon jiya tafkin ya haye inda muke ɗaure jirage a bakin kasuwar Yelwa, ya shiga rumfunan masu albasa, kuma duk fasinjan da na ɗauko, daga wajen Shanga ne ko daga Ngaski, zance ɗaya ne a bakinsa: shinkafa ta nutse. Ni ba sai an faɗa mini ba, hancina ya riga kunnena ji. Shinkafar da ta kwana biyu a ƙarƙashin ruwa tana da wani wari mai tsami, irin na ƙullun da aka manta a ƙwarya. Da zarar iska ta kaɗo mini shi sai raina ya ɓaci, ko da na ci na ƙoshi. Matata ta riga ta gane. In ta ga na dawo ina ɗaure fuska ba dalili, sai ta ce, "To, ruwa ya cika, yau kuma Bala za a tuna."

Bala ɗan kawuna ne, ɗan ƙanen Inna, wato taubashina. Kowa ya san yadda ake yi da taubashi. Ya zage ka a gaban surukanka ka yi dariya, ya ɗauke maka hula a kasuwa ka bi shi da raha. Ba a fushi da shi, in ma ka yi ba wanda zai saurare ka. Tare muka tashi da shi a ƙauyenmu da ke bakin tafki, kudu da Yelwa, kwano ɗaya muke ci, don uwarsa ta rasu yana ƙarami, Inna ce ta kusan raine shi. Ni Nasiru ne sunana, amma ba mai kira na haka. Auta ake ce mini, Bala kuma ya ƙara da nasa, Autan Goggo.

Shekarar da nake tunawa ta haura goma yanzu. Damina ta fara da kyau har muna cika baki. Mun yi gayya a gonakin fadama bi da bi, yau ta gidan wane, jibi ta gidan wane, shinkafa ta yi kai ta sunkuya, saura kaɗan ta nuna. Sai ruwa ya taso. Ba da gudu ya zo ba, a hankali ya riƙa hawa, kullum da safe ka kafa kara a bakinsa, kafin la'asar ya shanye karan. Da ya gama da fadama ya shigo gidajen gangare, ya kayar da rumbuna, ya yanke hanyar mota. Muka kwashe abin da ya kwasu muka koma makarantar firamare da ke kan tudu, gida uku gida huɗu a aji ɗaya, an raba da zannuwa.

Kwanakin nan duk kamarsu ɗaya. Da asuba in fita duba gurar da na dasa, wani lokaci 'yan karfasa biyu, wani lokaci kainuwa kawai ta cika ta, don ruwa in ya yi yawa kifi watsewa yake cikin ciyawa. Da hantsi mu tura jirgi saman gonarmu, in faɗa ruwa da lauje a hannu, in nutsa in lalubo kan shinkafa in yanko, in taso ina tari. Inna ta karɓa ta shanya a barandar aji, amma ina ranar? Hadari ya tokare sama, yayyafi ba ya ɗaukewa. Shinkafar ta riƙa tsiro a kan tabarma muna kallo. Wadda ta tsira Inna ta turara ta da ɗanyen icce, hayaƙi ya cika ajin, yara na kuka, tsofaffi na share hawaye. Tuwonta tsami ne da shi, ga ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Ran da babu ita sai 'ya'yan bado da dafaffen tafasa. Tsakanin yatsun ƙafarmu ya yi fari ya tsage saboda jiƙa, sauro kuwa ko da rana tsaka bai san kunya ba. Yunwa ba ciwo take yi sosai ba bayan kwana biyu, sanyi take sa wa mutum a ƙashi, da saurin fushi.

A cikin wannan hali muke buga gem. Na san yadda abin yake a kunnen wanda bai yi ba, na sha ganin yadda ake taɓe baki. Amma saurayin da ruwa ya ci gonarsa, ba aiki, ba kasuwa, ba ko wurin da zai zauna shi kaɗai, in ya sami wata duniya a cikin waya inda ake sanin sunansa, zai shiga. Gem ɗin irin wanda ake bugawa da mutanen ko'ina ne. Ka ƙirƙiri mutuminka, ka ba shi suna da sana'a, ka yi ta yaƙi kana hawa matsayi, kana tara lambobin yabo da kowa ke gani a saman kanka.

Mu huɗu ne. Bala mai takobi, ya sa wa nasa suna Janar Bala. Yohanna, Bakambare, ɗan mai wa'azin cocin ƙauyenmu, shi ke riƙe garkuwa. Audu Tela maharbi. Ni kuma mai magani, wanda ke tsayawa a baya yana mayar wa sauran jininsu in an sare su. Saboda haka Bala ya laƙaba mini Ungozoma. Kowa da abin da yake kawowa. Yohanna ke da caji, don akwai sola a rufin coci, a kan tagarsu wayoyinmu ke jeruwa. Audu ke da kati, yayansa da ke aiki a birni yana turo masa ya raba mana. Ni ke da jirgin da Baba ya bari, da hannun tuƙa shi. Bala kuwa baki ya kawo, kuma ban taɓa ganin ranar da ya ƙare masa ba.

Jirgin shi ne komai, saboda babu sabis a ƙauyenmu ko na rantsuwa. Wuri ɗaya yake kamawa da ƙarfi, can tsakiyar ruwa, inda kan wani baƙin dutse ya leƙo, daga nan ana hango dogon ƙarfen sabis na Yelwa. Bayan azahar sai mu ƙulle wayoyi a leda, in tuƙa mu zuwa can, in ɗaure igiya a wata tsaga, in tokare dutsen da ƙafa don kada igiyar ruwa ta riƙa buga mu. Mu zauna gwiwa na gugar gwiwa, kowa ya sunkuya.

Wannan dutse ba baƙo ba ne a gidanmu. Shi ne abin da ya rage na Gungun Ƙirya, tsibirin da aka haifi Inna da Kawu, kafin a datse kogi ruwa ya ci garuruwan gungu a kwaso mutane zuwa tudu. Ran da na fara buɗe gem ɗin, aka ce in rubuta suna, na ɗaga kai na rasa abin da zan sa, sai idona ya sauka a kan dutsen. Na rubuta Gungun Ƙirya. Bala ya yi dariya har jirgi na rawa, wai mutane na sa sunan zaki da damisa ni na sa sunan kufai.

A zangon wannan damina masu gem suka fito da wani dodo mai sulken ƙarfe a ƙasan wata rijiya. Sau ɗaya a mako ake buɗe ƙofarsa, mutum huɗu ke shiga tare. In an kashe shi, wanda ya yi bugun ƙarshe shi kaɗai ake sassaƙa sunansa a bangon ƙofar babban birnin gem, inda duk wanda ya shiga, daga kowace ƙasa, sai ya wuce ta gabansa. In zango ya ƙare a rufe rijiyar har abada, bango kuma ya tsaya da sunayen da ke kansa. Mun ji yadda ƙungiyoyi ke watsewa a kan wannan bugu, abokai na zagin iyayen juna. Mu muka ce ai mu 'yan gayya ne, mun san yadda ake yi. A yi wa kowa bi da bi. In jinin dodo ya kusa ƙarewa, sai a yi kira, "Ku riƙe hannu!" kowa ya tsaya cak, mai rabon ranar ya ƙarasa shi.

Bala ne ya tsara layin. Shi farko, sai Audu, sai Yohanna, ni a ƙarshe. Dalilinsa ya shiga kunnena: sandar mai magani ba ta da ƙarfi, zan daɗe ina ƙwanƙwasa kafin dodo ya faɗi, don haka sai su ukun sun sami sulken da ake ba mai bugun ƙarshe sannan za su iya tsayawa a dake su ba su rama ba. Na ce na yarda. A gonar fadama ma tamu ce ta ƙarshe a gayya, ba mu taɓa jin komai ba.

Dodon ya ba mu wuya. Makonni muka yi yana kashe mu, wani lokaci batir ya mutu ana tsakiyar yaƙi don rana ba ta fito ba, wani lokaci iska ta kore mu kafin mu kai dutsen. Ran da muka fara kayar da shi, da Bala ya yi kiran, ɗaga babban yatsana na yi sama na cusa a baki don kada ya taɓa waya bisa kuskure. Sunan Janar Bala ya hau bango. Muka yi ihu har tsuntsayen da ke kan kainuwa suka tashi, Bala ya rungume ni yana cewa, "Ungozoma, ka karɓi haihuwa lahiya!" Wallahi na yi murna kamar nawa ne. Haka na riƙe hannu ranar Audu, haka na riƙe ranar Yohanna. Tafin hannuna duk ya yi kanta da ƙuraje saboda filafili, ina tuƙa ƙarti uku da cikin da ba komai sai bado.

Inna ba ta son abin da farko. In ta ga muna ƙulle wayoyi sai ta ce, "Wanga abu da kuka latsawa, ana cin shi? Mi kuka samu cikinai in ba ciwon wuya ba?" Wata rana tana tsince tsiro daga shinkafa na zauna kusa da ita ina ba ta labari don in rage mata shiru. Na ce akwai bango, akwai sunaye, saura nawa.

"Nasiru za su rubuta, ko Auta?"

"Ba ko ɗaya, Inna. Gungun Ƙirya na sa."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta dube ni ta daɗe.

"Wa ag gaya maka ka sa shi?"

"Ba kowa. A kan dutsen muke zama."

"Dutsin na nan da ramunanai? Akwai ramu ukku bisa kai, nan uwata ka niƙa. Ni ka kore mata kaji."

Na ce suna nan, yanzu ruwa ne a ciki da 'yan kwaɗi. Ta yi 'yar dariya, ta koma tsintarta, can kuma ta sake ɗagowa.

"To su wa ka karanta bangon ga?"

"Kowa, Inna. Mutanen Kano, na Ikko, har Turawa da mutanen Sin."

"Ba su iya hwaɗinai daidai."

"Za su gani dai."

"Su gani," in ji ta. "Tun da ruwa ya ci garin ban ƙara jin baƙo ya ambace shi ba. Ko ɗiyanmu ba su hwaɗi."

Daga ranar ta daina yi mana tsiya. Ita ke tuna mini in kai waya caji. Ban sani ba ashe ta bi azuzuwa ta gaya wa tsofaffin matan da suka fito gungu ɗaya da ita, cewa autanta zai sa a rubuta sunan garinsu inda duniya za ta gani.

Makon ƙarshe na zango ya zo, kuma shi ne nawa. Da safe aka yi 'yar rana, wayoyi suka sha rabin ciki. Kafin mu tafi Inna ta kira ni bayan zane ta miƙo mini curin tuwo a ganye. Na san nata ne na daren jiya, ba ta ci ba. Ta ce, "Ka ci ka samu ƙarhin tuƙi. Ka ɗiba ma ɗan'uwanka." Na raba shi biyu a bakin ruwa, na ba Bala rabi. Ya cinye yana lasar yatsa yana cewa Goggo ta fi son auta.

Tuƙin ranar ya fi na kullum wuya. Iska na busowa daga gabas, ruwa ya yi launin ƙasa, tarin kainuwa na tare hanya. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Ngaski. Audu da Yohanna ba su cika magana ba, na ɗauka tsoron hadari ne. Muka isa, na ɗaure, na tokare dutsen da ƙafa, ga ramukan niƙa uku a gefen idon sawuna. Muka shiga rijiya.

Mai magani yana ganin abin da sauran ba sa kula da shi. Aikinsa kallon mutanensa ne, ba kallon dodo ba. Jinin kowa na gabana, kuma ina ganin makamin kowa, wanda ya cika da wanda aka sake. Bala na da wani babban sara da ke daɗewa kafin ya cika, in ya cika wani zobe ne ke haskawa a jikin hotonsa. Kullum da ya haska yake sakin sa, don shi ke rage mana rabin wahala. Ranar zoben ya haska tun farkon yaƙi, ya ci gaba da haskawa.

"Bala, saki saran!"

"Bari, ina sane."

Dodo ya tattake Yohanna, na tashe shi. Ya watsa wa Audu wuta, na cika masa jini. Maganina na ƙarewa, gumi na ɗiga a kan waya duk da sanyin iska.

"Bala, don Allah saki, za mu mutu!"

"Kai dai yi aikinka, Ungozoma."

Na yi aikina. Ban san yadda na riƙe su ba, amma ba wanda ya faɗi bai tashi ba. Jinin dodo ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya zama kamar zare. Wannan karon ni ke da kiran. Na ɗaga murya na ce, "Ku riƙe hannu!"

Audu ya ɗaga yatsa. Yohanna ya ɗaga. Na matsa da ɗan mutumina mai farar riga har gaban dodo, na ɗaga 'yar sandata na ƙwanƙwasa. Zaren ya ragu. Na sake. A zuciyata ina ganin fuskar Inna. Na ɗaga ta uku, sai fuskar wayata ta yi fari fat da haske, dodo ya yi ƙara ya kife.

Rubutu ya fito da ruwan zinariya. Janar Bala, karo na biyu. Ashe wanda ya yi bugun ƙarshe sau biyu a zango ɗaya fukafukan zinariya ake ba shi, a ɗauke sunansa daga cikin jama'a a kai can saman bango da manyan baƙaƙe. Ni ban san da wannan ba. Shi ya sani.

Ba wanda ya yi ihu. Ruwa na dukan cikin jirgi, ɗan kwaɗo na iyo a ramin niƙa. Na dubi Audu, yana kallon ledar wayarsa. Na dubi Yohanna, ya juya fuska wajen hadari. Ba mamaki a fuskar ko ɗaya, kuma wannan ya fi saran ciwo.

Bala ya fashe da dariya. "Wallahi hannuna ya zame, taubashi! Jirgin ne ya girgiza."

Ƙafata na kan dutse. Jirgin bai motsa ba. Kuma hannu ba ya zamewa tun farkon yaƙi ya bar zobe na haskawa har ƙarshe.

"Ka san na Inna ne," na ce.

"Haba Auta, kai ma dai. Goggo ta san wani bango? Ka ce mata an rubuta, wa zai kai ta ta gani? Wani zangon sai mu yi maka."

"An rufe rijiyar."

"To sai mi? Kada ka yi mani kuka cikin ruwa, ya ishe mu haka nan."

Zan faɗi gaskiya, a wannan lokaci na tsani Bala, tsana irin wadda ban san ina da ita ba. Ga filafili a hannuna, ga ruwa ko'ina, ga hadari ya iso. A cikinsu ba wanda ya san hanyar komawa cikin wannan iska sai ni, Audu ko iyo bai iya ba. Na kwance igiya. Na tuƙa su. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, igiyar ruwa na shigo mana, Yohanna da Audu na kwarfewa ba ƙaƙƙautawa, ƙurajen hannuna suka fashe filafili ya yi santsi. Bala na zaune a tsakiya ya cusa wayarsa cikin riga, ya rungume ta da hannu biyu, yana ta zuba zance don a yi dariya. Rabin tuwon Inna na cikinsa. Haka na kai su gaci lafiya, ko ƙwarzane babu.

Da muka hau tudu na hango barandar ajinmu. Tsofaffi mata huɗu ne zaune a kan benci tare da Inna, sun jeru suna kallon hanya. Ɗaya har ta ɗaura zanenta na zuwa biki, a cikin wannan laka. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"An rubuta?" in ji Inna.

Bala ya ɗan taɓa ni da gwiwar hannu. Na ce, "Ba a rubuta ba, Inna. Bala ya buga."

"Goggo, Autanki ne ya cika nawa," in ji shi yana murmushi, "na ga dodon zai tashi, na gyara mashi."

Inna ba ta yi murmushi ba. "Wane suna anka rubuta?"

"Janar Bala."

"Da ba a rubuta shi ba?"

"An rubuta. Wanga na biyu ne, ya hi girma."

"Sau biyu," in ji Inna. Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Bayan dutsin nan anka binne cibin ubanka, Bala."

Ta juya ta yi wa matan bayani da yaren gungu, a taƙaice. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, mai zanen biki ta tattare gefensa don kada ya taɓa laka, suka koma azuzuwansu. Da magariba Inna ta kwashe ɗan abin da ta dafa, ta zuba a kwanonmu ɗaya kamar kullum, ta ajiye tsakanina da Bala. Ya wanke hannu ya ci. Ni na tashi na fita.

Ba inda zan kai ƙara. Da Kawu ya ji dariya ya yi, ya ce tsakanin taubasai ba a shiga. Wani dattijo da ke raba rigimar gayya, wanda in mutum ya ci tuwon gayyarka ya ƙi zuwa taka sai ya sa an kira shi gaban jama'a, da na fara yi masa bayani ya ce, "Mutane na kwana da yunwa kai kana zancen dodon waya?" Na tashi na tafi, don ban san yadda zan gaya masa cewa ba dodon nake yi wa baƙin ciki ba.

Sai da ruwa ya fara janyewa, muna kwashe laka daga ɗakuna, Yohanna ya same ni ina ɗinke gura. Ya tsuguna ya daɗe yana wasa da igiya. Ya ce wata babbar ƙungiya ta 'yan birni ce ta ce duk mai fukafukan zinariya za ta ɗauke shi, Bala kuma ya yi musu alkawarin zai ja su shi da Audu. Masu magani kuwa sun yi wa ƙungiyar yawa. Tun kwana uku kafin ranar suka shirya, a kan tagar coci, wayata na caji a gabansu.

"Ka yi haƙuri, Auta. Ko mu ɗin bai ja mu ba."

Na ce ya miƙo mini igiyar. Ban sake buɗe gem ɗin ba, ban kuma sake tuƙa kowa zuwa dutsen ba. Suka nemi wani mai jirgi, ya kai su sau biyu ya gaji.

Inna ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta bar duniya, kuma shirun nata ya fi mini zafi a kan da ta yi faɗa. Gem ɗin ma na ji an rufe shi da daɗewa, bango da fukafukai duk sun tafi. Yanzu sabis ya iso har cikin ɗakin matata, yaran ƙauyenmu na kwance a kan katifa suna yaƙi da dodanni, ba mai tuƙa kowa. Da Allah ya hore mini jirgi mai inji, na sayi jan fenti na rubuta sunan da hannuna a gefen goshinsa, baƙaƙen sun karkace amma ana karantawa. Fasinjoji kan tambaya, in gaya musu, wani lokaci in rage gudu in nuna musu dutsen.

Shekaranjiya Bala ya sauka a Yelwa. Yana sayar da wayoyi a birni yanzu, ya yi tumbi, ya zo duba Kawu da gonar da ta nutse. Ya hango ni tun daga nesa ya ɗaga murya, "Ungozoma! Ashe kana nan kana karɓar haihuwar kifi!" Mutane suka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora, don haka ake yi da taubashi. Ya tattare babbar riga zai shiga, sai idonsa ya kai kan jan fentin. Ya karanta a hankali, yana bin baƙaƙen da yatsa.

"Gungun Ƙirya. Kai Auta, ina ne kuma nan?"

Na duba fuskarsa da kyau ko tsokana ce. Ba tsokana ba ce, tambaya yake yi. Warin ruɓaɓɓiyar shinkafa na tasowa daga bakin ruwa. Na ja igiyar inji ya tashi.

Na ce, "Shiga ka zauna a tsakiya, Bala. Ka riƙe hannunka."